Me ya sa ake ƙirga 15, 30, 40 a wasan tanis?

A gidajen kallon ƙwallo na Kwarbai, cikin birnin Zariya, babu wanda ke buƙatar a fassara masa ci biyu da nema. Amma da zarar tashar ta koma gasar Wimbledon, alƙalin wasa ya ce "fiftin lof", sai 'yan kallo su fara duban juna. Ƙirgen tanis hawa uku ne, kuma wanda ya gane su ya gane wasan.

Hawa na farko shi ne gem. Maki na farko ana kiransa 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu ya rufe gem. Sifili kuwa shi ne lof. Makin mai bugun farko ake fara ambata, don haka 15-30 na nufin yana baya. Masana sun sha bamban kan asalin lambobin: wasu na danganta su da rubu'in agogo, inda 45 ta gajarce ta koma 40. Lof kuma, wasu na cewa daga kalmar Faransanci mai nufin ƙwai ta fito, saboda kamanninsa da sifili.

Idan aka yi 40-40, sai a ce diyus. Daga nan dole ɗan wasa ya ci maki biyu a jere. Na farko ya ba shi adbantej, wato fifiko. In ya zubar da na biyu, a koma diyus.

Hawa na biyu shi ne set. Wanda ya fara cin gem 6 da ratar biyu ya ɗauke shi. Idan aka yi 6-6, sai a shiga taibirek, inda ake ƙirga 1, 2, 3 har zuwa 7, nan ma da ratar biyu. Ba'amurke Jimmy Van Alen ne ya ƙirƙiro shi, gasar US Open ta fara amfani da shi a 1970. Rashinsa a set na ƙarshe ya sa John Isner da Nicolas Mahut suka shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku a Wimbledon ta 2010, suka tashi 70-68. Tun 2022 manyan gasanni huɗu na duniya suna yanke set na ƙarshe da taibirek mai maki 10.

Hawa na uku shi ne wasan kansa: set 2 cikin 3, ko 3 cikin 5 ga maza a manyan gasanni.

Wannan tsari na sa mai yawan maki ya sha kaye. A wasan ƙarshe na Wimbledon ta 2019, Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic 204, amma Djokovic ne ya ɗaga kofin, domin ya lashe taibirek uku. Mai bin siyasa ya san irin wannan: sashe na 134 na kundin tsarin mulkin Najeriya bai wadatu da rinjayen ƙuri'u ba, sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya haɗa da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi.

Mai son gani da ido ba sai ya je Landan ba. Da wannan ƙirge ake buga gasar Dala Hard Court a Kano.