Karatun Banki A Jami'a Ya Wuce Ƙidayar Kuɗi

Iyaye da yawa, in aka ce ɗansu ya sami shiga jami'a don karatun kuɗi da banki, sai su ɗauka za a koya masa ƙidayar takardun Naira ne a bayan kanta. Amma kuwa abin da ake fara karanta wa ɗalibi shi ne cewa kuɗin da jama'a suka kai ajiya ba su kwance a cikin banki. Wani kaso ake tsarewa a Babban Bankin Nijeriya, a bar kaɗan a hannu don masu zuwa karɓa, saura kuwa a ba da su rance. Watau da masu ajiya za su taso rana ɗaya kowa ya nemi nasa, babu bankin da zai iya biya, kome ƙarfinsa.

A kan wannan magana aka gina sauran darussan, kuma tarihin ƙasar nan ya ishi ɗalibi misali. Tun zamanin Turawa ƙananan bankunan 'yan ƙasa suka yi ta buɗewa suna rufewa da dukiyar mutane, har aka kafa dokar banki ta 1952. Babban Banki ya fara aiki ran 1 ga watan Yuli, 1959, hukumar inshorar kuɗin ajiya kuwa sai a 1988 aka kafa ta. Duk da haka, a watan Janairu na 1998 bankuna 26 aka soke wa lasisi a lokaci guda.

Darasin da ya fi kama hankali dai shi ne na kasuwar hannun jari, wadda ta soma ciniki a Ikko a 1961. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa Naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005. Neman wannan jari, da ƙarin da suka yi ta nema daga baya, ya sa bankuna suka riƙa tallar hannayen jarinsu a rediyo da jaridu. Malaman makaranta da 'yan kasuwa da masu fansho suka yi ta rububin saye, yawancinsu ba su taɓa duba lissafin kamfani ba. Abin da ya fi muni, wasu bankunan suka shiga bai wa mutane rance don sayen hannun jari, jarin da aka saya kuma shi ne jingina. Muddin farashi na hawa, kowa na murna. Da ya juyo daga watan Maris na 2008, sai jinginar ta narke, bashin kuwa yana nan daram. Cikin shekara guda kasuwar ta zubar da fiye da rabin darajarta.

Wanda ya gaji kujerar Soludo, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya karanta tattalin arziki ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma daɗe a sashen auna hatsarin bashi na manyan bankuna. A watan Agusta na 2009 ya sauke shugabannin bankuna 5, aka zuba musu Naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Irin wannan aikin, na gane ruɓaɓɓen bashi tun yana sanye da rigar riba, shi ne ainihin abin da ya kamata digiri ya koyar. Sashen da ya tsaya ga haddace littattafan Ingila da Amurka, bai sa ɗalibai sun zauna da rahoton shekara na wani bankin gida ba, ya cuce su.

Akwai kuma gidaje da dama, musamman a Arewa, da suka daɗe suna hana 'ya'yansu wannan fanni saboda tsoron riba. Yanzu ƙofa ta buɗe, gama bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba a 2012, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da cibiyar nazarin banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. Sai dai can ma ba a tsira daga lissafi ba. Mai ba da jari bisa murabaha ko mudaraba tilas ya iya auna ko ɗan kasuwan da ke gabansa zai iya biya, kamar yadda takwaransa na kowane banki yake yi.