Ramin Tsakar Gida da Amanar Yara

A watan Agusta, lokacin dogon hutu, 'yan'uwa kan turo yara Kano ziyara, har gidajen ma'aikatan Sharada, Challawa da Bompai su cika maƙil. A daidai nan ne magidanci kan haƙa rami ranar Lahadi, don gyaran katangar da ruwa ya kayar, Litinin ya koma aiki ya bar shi a buɗe. Mun ga yaron da aka tsamo da ƙyar; baƙo ne, bai san gidan ba.

Imamu Malik, Allah Ya ji ƙansa, ya bayyana a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa inda aka halatta masa babu lamuni a kansa. To, an ɗauke diyya. Amma uwar da ta ba ka ɗanta, me za ka gaya mata?