Gashin nama a lokacin zafi: wane nama za a zaɓa, yaya za a gasa shi?

A ƴan shekarun nan babbar salla tana faɗowa ne cikin zafin bazara ko bakin damina, lokacin da a Maraɗi, Damagaram da Tawa zafi kan haura digiri 40. Lokacin ne kuma aka fi cin nama, daga banƙararren rago a ƙofar gida har zuwa tsire da balangu na bakin tasha. Ba mu zo mu hana kowa cin nama ba. Nama na gina jiki, yana ƙara jini, yara da mata masu ciki suna buƙatarsa ƙwarai. Sai dai akwai inda daɗin yake komawa cuta.

Mu fara daga wurin saye. Naman da ya fito daga mayanka, wanda malamin dabbobi ya duba ya buga ma hatimi, ya fi kwanciyar hankali. Dabbar da aka yanka cikin gaggawa don tana shirin mutuwa, ko da an karya kuɗinta, a bar ta. Mutanen jihar Tawa ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan da Tasara, ya kashe dabbobi da mutane. Ana kamuwa da shi ta hanyar taɓa jini ko naman dabba maras lafiya.

Sai maganar kitse. Mu dai mun saba, in ba a sa wa mutum kitse a tsire ba, sai ya ga kamar barunde ya cuce shi. Amma kitsen dabba in ya yi yawa yana ƙara maiƙo cikin jini, a hankali jijiyoyi su toshe, zuciya ta wahala. Naman akuya da na raƙumi ba su kai na rago kitse ba. Zabo, kaza da kifi sun fi sauƙi ga jiki, musamman in an cire wa kazar fata. Ko a rago ɗaya ma, tsokar cinya ta fi awaza da wutsiya ƙarancin kitse. Dattijo mai tansiyo ko ciwon suga, a yanko masa tsoka zalla, tozo kuwa a bar wa masu ƙarfi.

Yawan ma abin dubawa ne. A shekarar 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana cewa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na hanji, in ana cinsa kullum. Garam 50 a kowace rana yana ƙara haɗarin da kamar kashi 18 cikin 100. Kilishi ma nama ne da aka busar da gishiri, don haka a riƙe shi a matsayin tsaraba da marmari, kar ya zama abincin yau da gobe. Jan nama kuwa, wato na shanu, tumaki da awaki, masana na ba da shawarar kar mutum ya wuce rabin kilo dafaffe a mako. Da yawanmu a ƙauye ba ma samun ko rabin hakan. Matsalar ita ce kwanakin salla, da mutum zai cinye na wata guda cikin kwana uku.

To, ga wuta. Idan kitse ya ɗiga a kan garwashi, hayaƙin da ya tashi yana ɗauke da guba, ya dawo ya manne a jikin naman. Haka nan wurin da ya ƙone ya yi baƙi. Shi ya sa gashin iyayenmu ya fi: a kafe rago a gefen wuta, zafi ya ratsa shi sannu sannu, kitsen ya zuba ƙasa. Mai gashi a kan waya shi bari harshen wuta ya kwanta tukuna, shi riƙa juyawa, shi yanke inda ya babbake. Jiƙa nama da ruwan lemun tsami, tafarnuwa da citta kafin gashi yana rage wannan guba. Kar a hura wuta da leda, tsohuwar taya ko katako mai fenti. Kar kuma a amshi nama cikin takardar siminti, gara a tafi da kwano mai murfi.

Yaji ma a yi hankali da shi. OMS ta ce gishirin da babba zai ci a yini kar ya kai garam 5, kamar ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Yajin da aka daka da gishiri da dunƙulen magi yana iya cinye rabon yinin a zama guda. A ƙara albasa, tumatir da kabeji a gefe, a rage barbaɗawa.

Abin da ya fi saurin kai mutane likita a wannan zafi shi ne naman da ya daɗe a ajiye. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, zafin garuruwanmu yana tsakiya. Naman da aka gasa kar ya wuce awa 2 a buɗe. In babu firigo, a soya shi ƙayau ko a busar sosai, in za a ci kuma a sake ɗumama shi har ya yi turiri. Kaza ta gasu har ƙashi, ba sauran jini. Wuƙa da tiren ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin gasasshe ya taɓa su. Yaron da ya kama zawo da amai bayan cin nama, a fara ba shi ruwan gishiri da suga, a garzaya da shi likita mafi kusa.

Ku ƴan uwa da ke Kumasi, Kwatano, Abijan ko Aljeriya, masu aiko kuɗin layya gida, in kun kira waya ku tambayi yadda za a ajiye naman, ku tuna wa masu hidima da rabon Baba da Inna: tsoka ba kitse, yaji kaɗan. Allah shi kai mu lokacin lafiya, shi bar mu tare.