Hana alkama da madara: shin yana warkar da galahanga?

Saƙon na yawo a WhatsApp na iyayen yara masu galahanga, wato matsalar da likitoci ke kira otizim: a daina ba yaro burodi, taliya da madara, cikin 'yan watanni bakinsa zai buɗe. Uwar da ɗanta ya kai shekara huɗu bai kira ta Mama ba, wa zai ga laifinta in ta gwada?

Abin da ake gudu a cikin alkama sunansa gulutin, sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Akwai shi a alkama da sha'ir. Na madara kuma kesin ne. Zargin ya samo asali ne tun 1979, lokacin da wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, Jaak Panksepp, ya kawo hasashen cewa galahanga na da alaƙa da yawan wasu sinadarai masu aiki irin na ƙwayoyin kashe zafi a jiki. Daga baya Kalle Reichelt na Norway ya ɗora a kai, ya ce gulutin da kesin da ba su narke sosai ba suna ratsa hanji su kai ga ƙwaƙwalwa. Bayanin yana da daɗin ji. Da aka auna shi ne ya kasa tsayuwa.

A Jami'ar Rochester, Dakta Susan Hyman da abokan aikinta sun ɗauki yara 14, suka cire musu alkama da madara gaba ɗaya. Sai kuma duk mako a ba yaro ɗan abin taɓawa, wani lokaci da gulutin, wani lokaci da kesin, wani lokaci babu ko ɗaya, ba tare da iyaye ko masu lura sun san wanne ne ba. Sakamakon da aka wallafa a 2016 bai nuna bambanci ba a barci, hali ko mu'amala. Yaran ba su da yawa, gaskiya ne, amma ɓoyewar nan ita ce ƙarfin binciken, domin uwar da ta sha wahalar girki na daban idonta kan ga sauyi ko da babu. Tun 2013 hukumar NICE ta Birtaniya ta ce kada a yi amfani da irin wannan hanin wajen magance ainihin alamomin galahanga.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ga sauƙi? Wani lokaci ciki ne. Taurin bayan gida da ciwon ciki sun yawaita ga yaran nan, kuma wanda ba ya magana da kuka da buga kai yake faɗin ciwonsa. Akwai kuma cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari, inda gulutin ke ɓata hanji. Mai ita dole ya bar alkama har abada. Sai dai gwajin jininta yana buƙatar yaro na cin alkamar, in an riga an hana shi sakamakon na iya fitowa ba daidai ba.

A gidan Bahaushe barin alkama ba tashin hankali ba ne. Tuwon dawa, na masara, na shinkafa, gero, acca, doya da wake duk babu gulutin. Gurasa, fanke, alkaki da Indomie ne za su fita, har da ɗanwake in an sa masa fulawa. Inda nake jin tsoro shi ne nono. Da yawa cikin yaran nan abinci uku ko huɗu kaɗai suke yarda da shi, sauran ko warinsa ba sa so. In shayi da burodi da fura da nono ne abincin yaro, ka cire su, me ka bar masa? Ƙashin da ke girma yana buƙatar kalsiyam, kuma a yawancin gidajenmu nono ne hanyarsa mafi sauƙi.

Duk mai son gwadawa ya fara ganin likitan yara a duba cikin yaron da nauyinsa, ya cire abu ɗaya tak, ya roƙi malamar makaranta ta riƙa rubuta abin da ta gani ba tare da an gaya mata ranar da aka fara ba.