Laifin na'ura ne, ba na mai latsawa ba

A bayan takardar naira 20 akwai hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. A Suleja ta yi suna, tun garin na amsa sunan Abuja, bayan da ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954. Kowace maginiya ta san tulu sai ya zauna daram a kan gammo, bakinsa ya yi daidai da hannun mai ɗauka, in ba haka ba ya kwana a kasuwa. Wannan ilimi ne ya ɓace wa masu tsara mana hanyoyin hulɗa da banki.

A tsaya gaban rumfar mai POS a kasuwar IBB ta Suleja. Dattijuwa za ta kwance gefen zane, ta miƙa kati, ta faɗi lambar sirrinta da baki cikin jama'a, yaro ya latsa mata. Mai ƙaramar waya kuma ya buga lambar tura kuɗi, zaɓi ya fito rututu da Turanci, kafin ya gama haɗa baƙi layin ya yanke, sai ya koma farko. Ga kuma cajin naira 6.98 da aka ɗora wa wannan hanya tun 2021. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ne ya tura dubban irin waɗannan mutane ga na'urar da ba a auna da su ba.

Za a ce ai matsalar rashin karatu ce, a gyara makaranta tukuna. To amma dattijuwar nan tana aika wa jikokinta saƙon murya a WhatsApp, ba wanda ya sa ta a aji: maɓalli ɗaya ne, ta danna ta yi magana ta saki. Lissafin kuɗi kuwa, ta fi mai POS ɗin iya shi da ka. Za a kuma ce Suleja gari ne mai harsuna da yawa, akwai Gbagyi, akwai Koro, da wanne za a fara? A fara da Hausa, da ita ake ciniki. Fassara kaɗai ma ba ta wadatar. Sai an rage matakai, an ƙara lokacin jira, na'ura ta karanto suna da adadin kuɗi da murya kafin a tura.

Babban Bankin Nijeriya ne ke ba bankunan nan lasisi. Ya kamata ya wajabta musu gwada kowane sabon tsari a hannun 'yan kasuwa da tsofaffi kafin su sake shi.