FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa fotal ke buɗewa a kwamfutar kafe amma ya ƙi buɗewa a waya

Duk lokacin da aka fara bayar da guraben karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, akan ga ɗalibai daga Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu sun nufi shagunan intanet na Dutse da ƙorafi iri ɗaya: sun shiga fotal ta waya, shafin ya buɗe, amma madannin da suke nema bai fito ba. Wasu kan ɗora laifin a kan sabis, wasu kuma su ce wayar ce ba ta da ƙarfi. Sau da yawa matsalar ba ta nan take ba.

Fotal ba takarda ba ce

Shafin labarai rubutu ne da hotuna, kusan kowace waya za ta nuna shi. Fotal ɗin rajista kuwa manhaja ce da ke aiki a cikin burauza, wato Chrome, Firefox, Safari ko Opera Mini. Idan aka buɗe shi, yakan sauko da umarni na harshen JavaScript, burauzar ce kuma za ta zartar da su: ta duba fom, ta ɗora hoto, ta nuna madanni. Idan burauzar ta kasa, sai a ga rabin shafi ko da sabis ya cika.

Nan ne Opera Mini, wadda masu tattalin data suka fi so, ke ba da matsala. A tsarinta na matsananciyar tsimin data, kwamfutocin kamfanin ne ke fara karɓar shafin, su matse shi, sannan su turo wa waya. Ta haka wasu umarnin ba sa aiki yadda ya kamata.

Matsala ta biyu faɗin fuska ce. Fotal da aka tsara domin allon kwamfuta yakan ɓoye wasu sassansa a ƙaramin allo. Shi ya sa a kan tsarin CAPS, wanda hukumar JAMB ta fito da shi a 2017 domin karɓa ko ƙin gurbin karatu, aka saba shawartar ɗalibi ya buɗe da Chrome, ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya zaɓi "Desktop site". Wayar ba ta sauya ba, shafin ne aka sa ya ɗauke ta a matsayin kwamfuta.

Flash ya riga ya mutu

Ruɗanin yana da tarihi. Shekaru da dama, shafuka masu motsi da bidiyo sun dogara da ƙarin manhajojin da ake ɗora wa burauza, irin su Flash na kamfanin Adobe, Silverlight na Microsoft da kuma Java. An tallata su da alkawarin cewa abin da aka gina sau ɗaya zai yi aiki a ko'ina. Wayoyin zamani ne suka karya alkawarin. iPhone ba ta taɓa karɓar Flash ba, kuma a watan Afrilun 2010 Steve Jobs ya fito fili ya bayyana dalilansa na ƙin sa. A 2011 Adobe ya daina haɓaka shi domin wayoyi, ya kuma janye tallafinsa gaba ɗaya ranar 31 ga Disamba, 2020. Silverlight ya bi sahu a watan Oktoban 2021. HTML5, wanda burauzoji ke fahimta ba tare da wani ƙari ba, shi ne ya gaje su.

Saboda haka duk saƙon da ya faɗo a waya a yau yana cewa sai an sauke Flash kafin shafi ya buɗe, tarko ne. Masu damfara sun daɗe da amfani da wannan suna wajen cusa manhajojin satar bayanai, har da na shiga asusun banki.

Manhaja daban, shafi daban

Wani kuskuren shi ne ɗaukar cewa manhajar da aka turo ta WhatsApp ko Xender za ta hau kowace waya. Fayil ɗin APK na Android ne kaɗai, ba ya hawa iPhone. Shafin intanet da aka gina da kyau kuwa zai buɗe a duka biyun. Kuma manhajar da ke ɗauke da sunan wata makaranta ko hukuma, matuƙar ba daga shafinta na ainihi aka samo ta ba, abar tuhuma ce.

Abin da ya kamata a yi

Kafin a biya kuɗin mota zuwa Dutse, a sabunta Chrome, a kashe tsimin data, a gwada fuskar kwamfuta. Idan shafi ya tsaya bayan an cire kuɗi, kada a yi gaggawar sake biya. A adana lambar RRR ta Remita da saƙon banki, domin sau da yawa kuɗin sun shiga, shafin ne bai nuna ba. Kada kuma a bar kalmar sirri a ajiye a kwamfutar kafe.

Sauran nauyin yana kan makarantu da hukumomin da ke bayar da kwangilar gina fotal. Jigawa ta yi suna a fannin fasahar sadarwa tun zamanin gwamna Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, lokacin da kwamfutar tebur ce ƙofar intanet. Yau ƙofar ita ce wayar Android mai rahusa da ke hannun ɗalibi a Miga ko Buji. A kanta ya kamata a gwada kowane fotal kafin a buɗe shi ga jama'a.