Farar Tsatsa: Abokiyar Gabar Masu Haɗa Jirgin Sama a Gida

Wataƙila masu karatu za su yi mamaki in muka ce akwai mutanen da ke haɗa jirgin sama a garejin gidajensu, har su tashi da shi. A Amurka ƙungiyarsu, EAA, tana nan tun 1953, kuma kowace shekara sukan yi gangami a garin Oshkosh. Kamfanin Van's kaɗai ya sayar da kayan haɗin jirage fiye da 10,000 da suka riga suka tashi. Mu ma abin ya shafe mu, domin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna, daga samfurin RV-6A na wannan kamfani aka samo shi.

Babban abin da ke damun waɗannan maƙera shi ne tsatsa. Da yawanmu mun ɗauka alminiyam, wato sanholo, ba ya tsatsa, tunda tukwanenmu ba sa yin ja. Yana yi, sai dai tasa fara ce kamar gari. Tsantsar alminiyam yana da wata fata siririya da iska ke yi masa, mai kare shi, amma ya cika laushi. Don ya yi ƙarfi sai a gauraya shi da tagulla, kamar kashi 4 cikin 100 a nau'in 2024. Wannan tagullar ce ke buɗe wa tsatsa ƙofa.

Saboda haka tun 1927 aka fito da dabarar Alclad: a lulluɓe fallen ciki da waje da tsantsar alminiyam. To amma lulluɓin bai kai kaurin takarda ba. Ƙarzuwa ɗaya, ko hujin ƙusa, ta isa ta tone abin da ke ciki.

Ga yadda masu lura ke yi. Da farko a wanke maiƙo, a goge da soso marar ƙarfe, domin burbushin soson ƙarfe kan maƙale ya haddasa tsatsa. Sai a tsoma cikin ruwan Alodine, sannan a fesa fentin farko kafin a haɗa fallaye, don bayan an danne ƙusa hannu ba ya kai wa tsakaninsu. Inda baƙin ƙarfe zai taɓa alminiyam a raba su da fenti, in ba haka ba danshi zai sa alminiyam ya cinye. Ko zane da fensir an hana, saboda baƙinsa ma haka yake yi. A bar ƙananan kafofi a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Mai fesa kuma ya rufe hanci da hannu, domin sinadarin kuromet yana jawo ciwon daji.

Kada a ɗauki wannan wasa. A 1988 rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yage a sama a Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Bincike ya nuna gajiyar ƙarfe da tsatsa a mahaɗar fallaye, ga kuma iskar teku mai gishiri.

Irin wannan iskar ce ke kaɗawa a Ankara, Lome da Duwala. Don haka muna kira ga yaranmu masu koyon sana'ar ƙarfe, ko taga suke haɗawa ko kwanon rufi, su riƙa duba inda ƙarfe biyu suka haɗu. Rigakafi dai ya fi magani.